Salkar Teku da Ƙazafin Cin Ƙwaƙwalwa

Akwai wata halitta a cikin teku da ta yi ƙaurin suna a kan laifin da ba haka ta aikata shi ba. Labarin da ake bayarwa game da ita gajere ne, ga daɗin maimaitawa. Wai tana ƙarama takan yi ta iyo tana neman wurin zama. Da zarar ta sami dutsen da ya kwanta mata a rai sai ta manne masa har ƙarshen rayuwarta, kuma aikinta na farko bayan nan shi ne ta cinye ƙwaƙwalwarta, tunda ba ta da sauran abin yi da ita. Masanin falsafa ɗan Amurka, Daniel Dennett, ya taimaka wajen yaɗa labarin a littafinsa Consciousness Explained na 1991, inda ya yi zolaya cewa abin ya yi kama da malamin jami'a da aka tabbatar wa kujerarsa ta dindindin. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Kolombiya, Rodolfo Llinás, ya kafa hujja da ita a 2001, Daniel Wolpert ya sake kawo ta a laccarsa ta TED a 2011. Daga nan labarin ya fita daga hannun masana, ya koma hannun masu wa'azin cin nasara a rayuwa.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa yake saurin shiga kunnenmu. Mun taso da karin maganar kifi, cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Kuma duk wanda ya shekara goma ko ashirin a ofis guda ya san wata fargaba da kan ziyarce shi cikin dare, ko kansa ya fara daskarewa bai sani ba. Labarin da ya zo ya gaskata fargabar mutum ba a cika neman shaidarsa ba. To amma halittar nan tana nan da ranta, masana sun shafe fiye da shekara 150 suna leƙa cikinta, kuma abin da suka gani ya sha bamban da abin da ake faɗa a ɗakunan taro. Shi nake so mu bi daki-daki a wasiƙar wannan mako.

Salka mai baki biyu

Hausa ba ta raɗa mata suna ba, don teku ta yi mana nisa. Sunan da masana ke kiran danginta da shi, asidiya, ya samo asali daga kalmar Girkanci da ke nufin jakar fata ta zuba ruwa ko giya. Wannan jaka mun san ta, ita ce salka, saboda haka zan kira ta salkar teku. Turawan Ingila kuwa ɗabi'arta suka duba suka sa mata suna, domin idan aka taɓa ta ko aka ciro ta daga ruwa takan takure ta tsarto ruwa kamar yaro mai wushirya. Akwai nau'o'inta kusan 3,000, dukkansu a ruwan gishiri. Wasu kowace na zaman kanta, wasu kuma sukan haɗu su shimfiɗu a kan dutse kamar tabarma. Zan fi tsayawa a kan gida ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Ciona, saboda shi aka fi bincikawa.

Na fara ganinta ido da ido a wata ƙaramar tashar jiragen ruwa a Birtaniya, lokacin da nake karatu a can. Wani mai kwale-kwale ya jawo tsohuwar igiya daga ruwa, sai ga su sun yi mata cincirindo, kowace kamar tsawon yatsa ko fiye, ruwan ɗorawa mai haske, ana hango kayan cikinta ta fata. A waje sun langaɓe kamar dafaffiyar kuɓewa. Da aka tsoma igiyar cikin bokitin ruwa sai suka miƙe a hankali, kowace ta buɗe bakuna biyu. Babu ƙafa, babu fuska, babu wani abu da za a nuna a ce kai ne. Wanda ya ce tsiro ne ba za a ga laifinsa ba. Aristotal ma, da ya siffanta su fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya ajiye su ne dab da iyakar da ke tsakanin dabba da tsiro.

Bakin sama shi ke shigar da ruwa, na gefe ya fitar da shi. Tsakaninsu akwai wani babban kwando mai ɗimbin ƙananan ramuka, wanda ya mamaye mafi yawan cikin jikin. A gefen kowane rami akwai 'yan gashi ƙanana da ke kaɗawa ba dare ba rana, su ne ke jan ruwan. Gefe guda na kwandon akwai wani siririn kwari mai fitar da yauƙi. Yauƙin kan shimfiɗu a bangon kwandon kamar ƙyallen tatar koko, ya tsare ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, sannan a nannaɗe shi kamar igiya a tura shi hanji. Iyakar sana'arta ke nan, tata.

Wannan kwarin yauƙi yana da wani sirri da ya shafe mu. Wasu daga cikin ƙwayoyinsa suna tara sinadarin aidin, kuma masana sun tabbatar shi ne takwaran ƙullin tayirod da ke wuyanmu, wanda idan ya rasa aidin yake kumbura ya zama maƙoƙo. Babbar shaidarsu ita ce wani kifi marar muƙamuƙi da ake kira lamfiri: yana ƙarami yana da irin wannan kwari yana tace abinci da shi, idan ya girma sai kwarin ya rikiɗe ya zama tayirod. Zuciyar salka kuwa bututu ce guda ɗaya mai wata ɗabi'a ta daban. Takan tura jini ta gefe ɗaya na ɗan lokaci, ta dakata, sannan ta juya ta tura shi ta ɗaya gefen, haka take yi har ta mutu.

Sai rigarta. A 1816 masanin Faransa Lamarck ya ba dangin gaba ɗaya sunan Tunicata, wato masu taguwa, saboda kaurin suturar da ta lulluɓe su. A 1845 Carl Schmidt ya gano cewa taguwar an yi ta ne da seluloz, abin da ya yi zaren auduga da takarda da karan dawa. Babu wata dabba da aka sani tana ƙera seluloz sai su. Binciken da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa ƙwayar gadon da ke ba su wannan iko ba ta da takwara a sauran dabbobi, ta fi kama da ta bakteriya, alamar cewa kakanninsu sun same ta ne daga wata bakteriya tun zamani mai nisa, suka riƙe ta.

Abin da Kowalevsky ya gani

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, manyan masana irin su Cuvier suna lissafa salkar teku cikin dangin kawa da katantanwa. Hujjarsu ba ta wauta ba ce: jiki mai laushi cikin sutura, ga bakuna biyu na shigar ruwa da fitarsa, duk kawa tana da makamancin haka. Amma kama da wane ba wane ba ne. A 1866 wani matashi ɗan Rasha, Alexander Kowalevsky, wanda bai kai shekara 30 ba, ya wallafa sakamakon aikin da ya yi a gaɓar Italiya. Maimakon ya fede babbar dabba kamar yadda aka saba, sai ya sa ƙwai a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya bi shi mataki-mataki har ya ƙyanƙyashe.

Abin da ya fito bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan. Kai ne da wutsiya, kamar ɗan kwaɗon da bai fitar da ƙafafu ba. A tsakiyar wutsiyar akwai wata siririyar sanda mai ɗan tauri, a samanta kuma akwai bututun jijiya mai rami, wanda ya samu ta hanyar naɗewar wani shimfiɗaɗɗen jeri na ƙwayoyin halitta. Kowalevsky ya san wannan tsari, domin haka ɗan tayin kifi da na kaza da na mutum suke farawa. Mai karatu ma ya taɓa mallakar wannan sanda. Tana bayyana a mako na uku na zaman ɗan tayi a ciki, ita ke ba da umarnin inda laka za ta kwanta, daga baya ƙasusuwan baya su ginu a kewayenta. Ragowarta na nan a tsakiyar faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, faifan nan da idan ya zame mutum ke kwana yana juyi da ciwon baya.

Wannan gano ya sa aka ɗauke salkar teku daga dangin kawa aka kawo ta rukunin masu sandar baya, rukuni guda da kifi, tsuntsu, akuya da mutum. Darwin ya yi murna da aikin ƙwarai, ya ambace shi a littafinsa na 1871 kan asalin ɗan Adam. Tun daga lokacin ƙwan salka ya zama abin so ga masu nazarin ɗan tayi, saboda sauƙinsa. A 1905 Edwin Conklin a Amurka ya lura cewa ƙwan wani nau'i mai suna Styela yana da wani yanki mai launin rawaya, kuma duk ƙwayar da ta gaji wannan rawaya yayin rabuwar ƙwai ita ke zama tsokar wutsiya. Sai a 2001 wasu masana biyu a Japan, Nishida da Sawada, suka gano ainihin saƙon gadon da uwa ke ajiyewa a wannan yanki. Tsakanin tambayar da amsarta shekara 96.

Guzurin yini guda

Kowace Ciona mace ce kuma namiji. Takan saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa, galibi idan haske ya keto bayan duhu, amma tana da wata kariya da ke hana maniyyinta shiga ƙwanta, sai na wata. Cikin ƙasa da kwana ɗaya jariri ya ƙyanƙyashe. Tsawonsa kamar milimita ɗaya ne, kuma ƙwayoyin halittar jikinsa gaba ɗaya kusan 2,600 ne, ana iya ƙirga su. Sandar bayansa ƙwayoyi 40 ce cif, an jera su kamar kwabbai. Tsokar wutsiya ƙwayoyi 36, goma sha takwas a kowane gefe. A cikin kansa akwai baƙaƙen ɗigo biyu: ɗaya na gane haske, ɗaya kuma ɗan dutse ne da nauyinsa ke nuna masa ina ne sama ina ne ƙasa. A goshinsa akwai 'yan tsiraye uku masu danƙo, su ne na taɓa wuri su ɗanɗana shi, su ne kuma na mannewa.

Abin da ba shi da shi shi ne baki mai aiki. Jaririn salka ba ya cin komai. Da guzurin da uwarsa ta zuba masa cikin ƙwai yake tafiya, kuma guzurin ba ya kai shi nesa, daga 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki kaɗan. Da farko yakan nufi sama, inda igiyar ruwa za ta ɗauke shi ta raba shi da iyayensa. Daga baya halinsa ya juya, ya fara gudun haske yana neman inuwa, shi ya sa ake samun su a ƙarƙashin duwatsu, gindin gada da cikin jiragen ruwa. Idan ya dace da wuri mai kyakkyawar gudanar ruwa, ya rayu. Idan ya manne a inda laka za ta binne shi ko rana ta busar da shi, shi ke nan, babu tashi a sake lale.

Duk wannan tafiya ƙwayoyin jijiya 177 ne ke jan ragamarta. Mun san adadin ne saboda a 2016 Kerrianne Ryan da abokan aikinta a Jami'ar Dalhousie ta Kanada sun yanka jariri guda sala-sala, suka zana taswirar yadda kowace ƙwaya ke haɗuwa da 'yar'uwarta. Kafin shi, dabba ɗaya ce kawai aka yi wa irin wannan cikakkiyar taswira, wata ƙaramar tsutsa mai ƙwayoyi 302. Ƙwaƙwalwar mutum tana da kusan biliyan 86. A nan ne maganar Llinás ta yi gaskiya, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa: tsarin jijiyar jaririn nan an gina shi ne domin motsi, ido ya gani, dutse ya auna, wutsiya ta kaɗa. Tambayar ita ce me ke faruwa da shi bayan motsin ya ƙare.

Rikiɗa

Da zarar goshi ya manne, wutsiya kan fara janyewa cikin jiki. Ƙwayoyinta, har da na sandar baya da na tsoka, sukan mutu bisa wani tsari da jiki ya shirya tun farko, wasu ƙwayoyi masu shara su kwashe gawarwakin, a mayar da abin da ke cikinsu abinci. Da shi ake gina zuciya da hanji da kwandon tata a daidai lokacin da babu abin da ke shigowa daga waje. Kayan ciki sukan juya har baki ya koma sama yana fuskantar buɗaɗɗen ruwa. Bayan 'yan kwanaki bakin ya buɗe, ruwa ya fara ratsawa, dabbar ta ci abincinta na farko.

Iyakar gaskiyar da ke cikin kalmar ci ke nan, kuma ba wani abin mamaki ba ne a duniyar halittu. Ɗan kwaɗo ma haka yake shanye wutsiyarsa, ba a taɓa zarginsa da lalaci ba. Yatsunmu a cikin mahaifa a haɗe suke kamar ƙafar agwagwa, mutuwar ƙwayoyin da ke tsakaninsu ce ta raba su. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kanta takan samar da ƙwayoyin jijiya fiye da bukata, ta kashe rarar tun kafin a haife shi da kuma bayan haihuwa. Rushe abin da ya gama aikinsa wani ɓangare ne na gini.

Amma me ya sami ƙwaƙwalwar ita kanta? A 2011 Takeo Horie da Yasunori Sasakura da abokansu, a cibiyar binciken teku ta Shimoda a Japan, suka wallafa amsar a mujallar Nature. Dabarar da suka yi mai sauƙin fahimta ce. Suka sa ƙwayoyin tsarin jijiyar jariri su riƙa samar da wani sinadari mai ƙyalli kore, wanda idan aka haska masa wani irin haske yake komawa ja, ba ya kuma dawowa. Suka rina ƙwayoyin jariri ja, suka bar shi ya manne ya rikiɗa, sannan suka duba. Da a ce an cinye ƙwaƙwalwar ƙurmus, da ja ya ɓace. Sai ga ja a cikin tsarin jijiyar dabbar da ta rikiɗa. Yawancin ƙwayoyin jijiyar da suka yi aikin iyo sun tafi, da igiyar jijiyar wutsiya. Amma wasu ƙwayoyi da ke shimfiɗe a bangon ramin ƙwaƙwalwar jariri, waɗanda ba su taka wata rawar a zo a gani ba lokacin tafiya, sun tsira, kuma daga cikinsu ne sababbin ƙwayoyin jijiya suka fito. Jaririn yana ɗauke da irin shukar ƙwaƙwalwarsa ta biyu tun yana iyo.

Babbar salka tana da ƙullin jijiya a tsakanin bakunanta biyu, jijiyoyi na fita daga gare shi zuwa sassan jiki. Shi ke sa ta rufe baki idan abu ya taɓa ta, ta takure, ta tsarto ruwa don wanke kwandonta idan ya toshe, ta tsayar da kaɗawar gashin nan idan wani abu marar kyau ya shigo da ruwa. Akwai kuma abin da ya fi wannan. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana suka lura cewa idan aka yanke ƙullin nan gaba ɗaya aka cire, Ciona ba ta mutuwa. Cikin makonni takan tsirar da sabo, ya haɗu da jijiyoyin da aka katse, ya ci gaba da aiki. Mu da muke mata dariya, idan laka ta tsinke mana ba ta sake haɗuwa. Shi ya sa masu neman maganin shanyewar jiki da raunin ƙwaƙwalwa suke sa mata ido.

Sauƙi ba ƙuruciya ba ne

Shekaru da yawa an ɗauka cewa salkar teku wani matakin farko ne, samfurin da aka wuce. An fi ganin kusancinmu da wata halitta mai suna amfiyoksas, mai kama da ɗan siririn kifi, wadda ke riƙe sandar bayanta har tsufa. A 2006 Frédéric Delsuc da abokan aikinsa suka kwatanta ƙwayoyin gado 146 a tsakanin dabbobi daban-daban, sakamakon ya juya lissafin: a cikin dukkan halittun da ba su da ƙashin baya, masu taguwa ne suka fi kusa da masu ƙashin baya, amfiyoksas na bayansu. Ma'anar haka a wurin masana ita ce sauƙin jikin salka abu ne da zuriyarta ta kai gare shi daga baya, ta hanyar sauke kayan da irin rayuwarta ba ta bukata. Kundin gadon Ciona, wanda aka karanta a 2002, ya goyi bayan haka. Ƙarami ne ƙwarai, ƙwayoyin gado kusan 16,000, kuma ya zubar da wasu da sauran dangi suka riƙe.

Dabarar kuwa ta yi musu rana. Halittar da ake cewa ta zauna ta mutu tana cikin mafi yaɗuwa a tashoshin jiragen ruwa na duniya, domin idan ta manne a cikin jirgi, jirgin ke yi mata tafiya. A tsibirin Prince Edward na Kanada ta zama annoba ga masu kiwon kawa, tana lulluɓe igiyoyinsu har nauyi ya yi musu yawa. Kuma da yake wanda ba ya iya gudu dole ya nemi wata kariya, dangin nan sun ƙware wajen haɗa sinadarai masu guba. Daga wata 'yar'uwarsu da ke manne wa saiwoyin itatuwan gaɓar Karibiyan aka samo maganin trabectedin, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2007, Amurka a 2015, don wani nau'in ciwon daji na tsoka da kitse.

Madubin da muke yi da dabbobi

Na taɓa zama a wani taron bita na ma'aikata inda mai gabatarwa ya haska hoton salkar teku a bango, ya ba da labarin cin ƙwaƙwalwa, ya rufe da tambayar wane ne a cikinmu ya riga ya cinye tasa. Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ba ta yi ba. Ta haura shekara ashirin a ɗakin gwajin jini na asibiti guda. A hannunta aka tashi daga ƙirga ƙwayoyin jini da ido zuwa na'ura, daga rajistar takarda zuwa kwamfuta, kuma ita ake kira idan na'urar ta ba da sakamakon da bai yi kama da majinyacin ba. Shi kuwa mai gabatarwar, da gani laccar nan ya sha yin ta a garuruwa da yawa ba tare da ya sauya ko kalma ɗaya ba. Na tambayi kaina, tsakanin mai yawon da mai zaman, wane ne kansa ya tsaya.

Mu Hausawa mun daɗe muna yin madubi da dabbobi, kuma ba kullum muke musu adalci ba. Kura ta sha irin wannan ƙazafi a hannunmu. A tatsuniya ita ce wawiya mai kwaɗayi da Gizo ke yi wa wayo kullum, alhali masu nazarinta a dawa sun same ta da kaifin basira da tsarin zamantakewa mai sarƙaƙiya, kuma mafi yawan abincinta farautarsa take yi da kanta. Tatsuniya ba ta yi laifi ba, domin kowa ya san ƙurunƙus ke rufe ta. Matsala tana farawa ne idan tatsuniya ta sa rigar kimiyya, aka kawo ta da hoto da sunan farfesa, har ta zama sandar dukan mutanen da ba su yi komai ba sai riƙe wuri guda da amana. Makarantu da asibitoci da kotunanmu suna tsaye ne a kan irin waɗannan mutane, malamar da ta san ƙauyen da kowane ɗalibi ya fito, akawun da ya san inda fayil ɗin 1994 yake. Al'ummar da ta koya wa matasanta cewa zama mutuwar hankali ne kada ta yi mamaki idan ta wayi gari kowa na kan hanya, babu mai tace ruwa.

Salkar teku ba ta zo duniya don ta koya mana darasi ba, kuma ƙwayoyi 177 ba su da wata shawara ga mai biliyan 86. Amma idan dole sai mun ɗauki wani abu daga gare ta, gara mu ɗauki wanda yake gaskiya. Abu biyu na gani. Na farko, duk ƙarfin jaririn ya tafi ne ga zaɓen wuri, domin guzurinsa kaɗan ne kuma zaɓen sau ɗaya ne. Mu muna da damar tashi mu sake, amma kowa ya san damar tana raguwa da shekaru da yawan iyali, don haka shekarun neman sun cancanci a buɗe ido sosai. Na biyu, ƙwaƙwalwar nema daban, ta zama daban. Basirar cin jarrabawa da burge masu ɗaukar aiki ta yi amfaninta, ranar da aka sami wuri ta gama. Wanda ya ci gaba da kaɗa wutsiya bayan goshinsa ya manne, yana ofis amma hankalinsa na kan takardar neman wani aiki shekara da shekaru, ba ya tafiya kuma ba ya tata. Abin da zama ke bukata shi ne a sauke waccan basira a tsiro da wata: haƙurin sanin abu guda har ƙarshensa, da kunnen da ke jin ɗan sauyi a ruwan da ke ratsa mutum kullum.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da ajiya. Ƙwayoyin da suka gina wa salka sabuwar ƙwaƙwalwa su ne waɗanda ba su ƙare kansu a aikin iyo ba. A rayuwar mutum, ina jin takwararsu ita ce duk wani karatu da sha'awa da ba su da alaƙa da jarrabawa ko ƙarin girma, littafin da aka karanta don daɗinsa kawai, tambayar da aka bi don ta hana barci. Fargabar daskarewa fargaba ce ta gaskiya, na san ta, kuma na ga waɗanda ta tabbata a kansu. Sai dai a iya lurata, waɗanda suka daskare ba kujera ce ta daskarar da su ba. Sun iso kujerar ne babu komai a rumbu sai dabarar samun ta.

Idan wani ya sake haska muku hoton nan a wurin taro, ku bar shi ya gama, sannan ku tambaye shi cikin ladabi ko ya san abin da aka gani a Shimoda a 2011. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa wata 'yar'uwar Ciona mai zaman tarayya, Botryllus, wadda dukkan manyanta ke mutuwa kusan kowane mako, 'ya'yan da suka tsiro a jikinsu su gaje wurin, kuma idan gida biyu suka haɗu jininsu ne ke yanke hukuncin ko su zama ɗaya ko su ja iyaka.